Kafin mu yi sha'awar Eko Atlantic, mu leƙa tabkunan Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da yi muku sannu da aiki.

Na saurari shirinku a kan Eko Atlantic, sabuwar unguwar nan da ake ginawa a bakin teku a Legas, na kuma ji masu kiran waya suna ta roƙon Allah ya kawo mana irinta. Ni magini ne. Da aikin ƙasa na tashi, yanzu kuma siminti ke ciyar da ni, don haka a ba ni dama in sa baki.

Akwai abin da na sara wa masu aikin can a kansa: tun ba a aza tubali ɗaya ba suka fara da maganar ruwa. Shekara da shekaru teku na cin gaɓar Bar Beach, har ruwa na hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Sai aka riƙa yaso yashi daga ƙarƙashin teku ana cike wurin, da nufin samar da fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 10. Aka sa masa katangar duwatsu da curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne, wadda aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8 da rabi. Magudanan ruwa da bututu da wayoyin wuta duk an binne su kafin benaye su tashi. Lokacin da Goodluck Jonathan da Bill Clinton suka halarci bikin wurin a 2013, yawancinsa yashi ne fayau, amma an riga an san ta inda ruwa zai bi.

Mu a nan ta baya muke farawa. A yi lotisma, a yanka filaye, a sayar, kowa ya zagaye nasa da katanga, sannan a zauna jiran damina ta nuna mana hanyar ruwa. Ita kuwa ba ta nunawa sai ta cikin ɗakin wani.

Wani zai ce me ya haɗa Damagaram da bakin ruwa, garin da ake kwana a layin famfo da jarkoki? Gaskiya ne. A kan dutse garin yake zaune, shi ya sa rijiya ba ta yi mana abin kirki, ruwan shanmu ma daga Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram ake turo shi. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da ake lissafawa na mayar da babban birni Yamai a 1926. Amma dutsen da ya hana mu rijiya, shi ne ke hana ruwan sama nutsewa. Abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba, sai dai rabinsa da fiye a Yuli da Agusta yake zubowa, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Ina zai je? Tabkuna. Da yawansu ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗiban ƙasar gini, irin wadda aka tayar da gidajen tsohuwar unguwar Birni da ganuwar zamanin Sarki Tanimu da ita. Gari ya samu gidaje, ruwa ya samu masauki. Su ne bakin ruwanmu, kuma kowa ya san abin da muka mayar da su: juji. Leda, ruwan wanki, mushen dabba. In sharar ta taru ta yi tudu, sai a wayi gari wani ya kafa turaku ya ce filinsa ne. An sha kirana in ja harsashi a irin wannan wuri, in ka haƙa mita ɗaya ba ka taɓa ƙasar kirki ba, sai tsumma da leda.

Daga nan ne na rabu da masu sha'awar Eko Atlantic, wato wajen ginin kansa. Benen gilashi a hoto ba shi da na biyu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafinmu ke wuce digiri 40, tanda ne. Ransa duka yana hannun wutar lantarki: na'urar sanyi, na'urar hawa, injin tura ruwa sama. Su can sun tanadi wutarsu da ruwansu na kansu, masu shiga kuma suna da abin biya. Mu kuwa ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wa ƙasar nan wuta. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Ban da zafi ma, ina inuwa? Na duba hotunan babban titinsu mai layi takwas, na nemi inda tsoho zai zauna ya huta ban gani ba. Ku shiga lungunan Birni da tsakar rana. Katanga na yi wa katanga inuwa, ga zaure da ake karɓar baƙo ba tare da ya ga cikin gida ba, ga dakali a ƙofa, ga tsakar gida inda mata ke harkarsu a sake. Zankwaye da zanen bango su ne masu yawon buɗe ido ke ɗauka a hoto, amma ba su ne suka sa unguwar ta zaunu ba. Tsarin ne. Yaro ya fita, idon maƙwabta goma na kansa.

Sai maganar wa zai zauna. An ce an tsara Eko Atlantic don mutum 250,000, wasu dubbai kuma su riƙa shigowa aiki kullum su koma. Direba da mai gadi da mai shara suna cikin masu komawar nan, ba sai an faɗa ba. A Legas ɗin dai, tsakanin 2016 da 2017, an tashi mutum fiye da 30,000 daga unguwar masunta ta Otodo Gbame. Wannan ba aikin Eko Atlantic ba ne, amma yana nuna abin da kan samu talaka ranar da bakin ruwa ya yi daraja. In har an gyara tabkunanmu, ina tsoron kada masu lambu da masu buga tubali da masu shayar da dabbobi su zama su ne farkon waɗanda za a ce su matsa.

Na san abin da za a jefe ni da shi: ai ginin ƙasa faɗuwa yake yi. Haka ne, kuma babu ɗan Damagaram da zai manta ranar 3 ga Satumban 2024, da tsohon masallacinmu na tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi, a daminar da ta ci rayuka fiye da 300 a ƙasar nan. Amma duk magini ya san ginin ƙasa abu biyu yake so, a kula da yaɓensa da indararonsa, kada kuma ruwa ya kwanta a gindinsa. Na biyun nan ba aikin mai gida kaɗai ba ne, aikin magudana ne da tabki. Kuma ƙasa ba ta tsaya inda kakanninmu suka bar ta ba. A Yamai, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 a 2016 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, masu hawa biyu, kowanne da tsakar gidansa. Gida ne na zamani da ɗan boko zai shiga ba kunya.

A bikin Zinder Sabuwa, wato bikin ranar Jamhuriya da aka yi a nan Damagaram a 2018, mun ga yadda ake iya shimfiɗa kwalta da tayar da gine-gine cikin ɗan lokaci in an so. To a ɗauki tabki ɗaya tak a gwada. A shata masa iyaka wadda ba mai sayarwa, a yashe shi, a ɗaure bakinsa da dutse, abin da Allah ya hore mana ko'ina, a hana ruwan ƙazanta shiga, a zuba kifi saboda tsutsar sauro. A kewaye wuraren masu zurfi saboda yara, don ba damina ɗaya ba ce aka yi kuka a kan wannan. A dasa bedi, a yi dakali, a bar wa mai shayi da mai ƙosai wurinsu. Gidajen da za su dube shi kuma kada su wuce hawa biyu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku sake wani shirin ku gayyato injiniyoyin gari da malaman Jami'ar André Salifou da tsofaffin magina. Ku tambaye su ko akwai taswirar hanyoyin ruwan Damagaram, in akwai kuma a manna ta inda mai shirin sayen fili zai gani kafin ya ƙirga kuɗinsa.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
wani magini daga unguwar Birni, Damagaram