Sanarwa: Zama Kan Noman Shinkafa da Kiwon Kifi a Gona Ɗaya

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan uwa manoma na wannan rukuni.

Ana sanar da ku cewa ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, za mu haɗu a zauren ƙungiyarmu da ke nan Damagaram tare da malamin gona da muka gayyato.

Dalilin zaman shi ne, labarin wannan noma yana iso mana ta rediyo, ta bakin maƙwabta a kasuwa, da kuma saƙonnin murya na WhatsApp, amma sau da yawa rabinsa kaɗai ake faɗa. Gaskiya ne karfasa da tarwaɗa suna cin ƙwari, kashinsu kuma yana zama taki ga shinkafa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, dole a ɗaga kunyoyin gona, a haƙa rami mai zurfi inda kifi zai fake idan ruwa ya ja baya, sannan a kiyayi maganin ƙwari, domin yana kashe kifi. A fadamunmu, inda ruwa ke saurin ƙafewa, maganar ramin ce ta fi muhimmanci a ganina.

Saboda haka, kowa ya turo tambayoyinsa kafin daren Alhamis, tare da bayanin watan da ruwa ke ƙarewa a gonarsa. A kuma ba ma'aji dala ɗari (wato CFA 500) domin kuɗin motar malam. Muna roƙon a dakata da tura bidiyon da ba a san asalinsa ba.

Allah ya ba mu albarkar damina.

Magatakardan ƙungiya