Wasiƙa daga Maraɗi: me zan rubuta a allon shagon?

Mutumina,

Bayan gaisuwa, ya sanyin Agadas? Tun Sallar Layya ban ji ɗuriyarka ba, kai da ka rantse za ka riƙa kira duk Juma'a.

Albishirinka! Na karɓi mabuɗin rumfar nan ta kusa da Babbar Kasuwa. Kaya ma sun iso daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa: 'yan tsana, motocin roba, balan-balan, usur, ƙwallaye, da kacau-kacau na jarirai. Abin da ya hana ni barci shi ne allo. Mai fenti ya ce in faɗa masa abin da zai rubuta, na yi shiru.

Da farko na ce "Shagon Kayan Wasa". Kawu ya ce in na rubuta haka, 'yan ƙwallo za su zo neman riga da takalmi, makaɗa su zo neman kalangu, don su ma kayan wasa suke ce wa nasu. Gaskiya ya faɗa. Sai an ƙara "yara" maganar take tsayawa. Gwaggo kuwa ta ce ai ni ɗan koli ne kawai. Koli fa allura ce da madubi da tsakiya, abin wasa a gefen faifai yake raɓewa. Ƙanena ɗan lakwal yana son a sa "butik", amma a unguwarmu wa ya ji butik bai tuna sukari da madara ba?

Af, ɗan gidan liman ya yi aure, kuma wadda kake tsammani ce. Kada ka ce ban gaya maka ba.

Ni dai zuciyata ta kwanta da "kanti". Kalmar tana da nauyi, tun zamanin kantunan Turawa, ga Kantin Kwari can a Kano. Ina so yaro ya riƙo hannun babansa ya ce a kai shi Kantin Kayan Wasan Yara, ya shiga ya zaɓa da kansa da kuɗin barka da sallarsa. Mu da muka yi motar kara da gwangwanin madara a bakin Gulbi ba mu taɓa samun wannan ba. Shi ya sa na sa yaran maƙerin unguwa su ƙera mini motocin waya 20, in jera su a gaba, gaban na roba.

Kana da jikka 5 tawa tun bara, ban manta ba. Ka gaida Inna in ka kira gida.

Naka har kullum.