A bar manyan nas su duba tsofaffin sojoji

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah ɗan ba ni fili kan rigimar nan ta Amurka. A Disambar 2016 ma'aikatar tsofaffin sojoji ta yarda manyan nas masu digiri na biyu su duba mara lafiya su rubuta magani ba sai likita ya sa hannu ba, amma aka ware nas masu allurar barci don likitocin fannin sun tada jijiyar wuya. Abin ya ɗaure min kai wallahi, a fagen daga fa nas ɗin nan ne ke sa soja barci a yi masa tiyata, ya dawo gida kuma a ce ba su iya ba? Ga jira, a asibitin tsofaffin sojoji na birnin Phoenix a 2014 tsohon soja sai ya yi wata da watanni bai ga likita ba.

Naka,
Mai karatu