"Wa ke kallon wannan?" To, ni ce nake kallo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A yi mini afuwa, gaisuwar yau gajera ce, domin tun daren Litinin nake tauna maganar nan ta ƙi haɗiyuwa. Da ta ni ce da na bar ta ta wuce, autata ce ta hana. Ita ta ɗauko wayar ta dire mini a cinya ta ce, "Umma, ko ki rubuta musu ko ni in rubuta." Da Hausarta da ta sha ruwan Ingila, gara dai ni.

Kun san maganar da nake nufi. A filin wasanninku na rediyo, da aka zo kan tawagar ƙwallon matan Ghana aka ambaci Chantelle Boye-Hlorkah, sai mai sharhinku ya ce ai a rukuni na biyu na gasar matan Ingila ta buga kakar 2024 zuwa 2025, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ce, "Wa ke kallon wannan?" Mai gabatarwa, maimakon ya ja masa birki, sai ya taya shi. Aka yi dariya aka ƙoshi, aka koma cinikin 'yan wasan maza, wanda aka riga aka yi mana shi ranar Juma'a, aka kuma maimaita ranar Asabar.

To a gaya masa ni ce nake kallo. Ni da yarinya 'yar shekara 12 da take zaune kusa da ni lokacin da ya faɗa, tana cin tuwo, ta ajiye cokali ba ta sake ɗauka ba.

Ni ba 'yar ƙwallo ba ce, ban taso a gidan da mace take maganar ƙwallo ba. A Birmingham nake zaune, unguwar Small Heath, aikina kula da tsofaffi ne, kuma yawanci na dare nake yi. Filin St Andrew's, na ƙungiyar Birmingham City, tafiyar ƙafa ne daga gidanmu, na shekara nawa ina wuce shi a bas ban taɓa ɗaga kai na dube shi da kyau ba. Wata maƙwabciyata 'yar Somaliya ce ta ba mu tikiti biyu a farkon kakar, cikin watan Satumban 2024, saboda jikanta ba shi da lafiya ba za su samu zuwa ba. Na karɓa don kunya. Na je don kada a ce na wulaƙanta kyauta. Daga ranar zuwa ƙarshen kaka, wasanni 10 Birmingham City ta mata ta buga a gida a gasar, 8 a idona aka yi su. Sai in tashi aiki da safiyar Lahadi, in yi barcin awa uku, in ɗaura ɗankwali in jibga rigar sanyi biyu, mu kama titin Coventry ni da ita. A watan Janairu akwai ranar da na kasa buɗe murfin fulas ɗin shayi saboda yatsuna sun sandare. Wata dattijuwa Baturiya da ke zama a layin gabanmu ce ta buɗe mini, kuma tun daga ranar ba ta taɓa zuwa ba tare da ta riƙo wa yarinyar alewa ba. Ita ma, a lissafin mai sharhinku, ba kowa ba ce.

Ya san ma yadda gasar take? Ina shakka. Ƙungiyoyi 11 ne suka buga ta, alhali 12 ya kamata, saboda Reading ta janye kafin a fara, kuɗi ya yanke mata, ta gangara har rukuni na biyar. Ƙungiyar da har 2023 tana babbar gasa ke nan. Don haka kowane mako sai ƙungiya ɗaya ta zauna hutun dole, teburin ya yi ta rikita mutum, wannan ta buga 14 waccan 15, sai autata ta zauna da biro a bayan littafin lissafinta tana ƙirga wa ke da kwantan wasa. Malamarta ta lissafi ba ta taɓa samun irin wannan himma daga gare ta ba. Kuma a wannan kakar gurbi ɗaya tal ne na haurawa sama. Ɗaya. Ka zo na biyu da wanda ya zo na tara duk kanwar ja ce.

Ranar 4 ga Mayun 2025 nake so ya ji, tunda ni ganau ce. London City Lionesses ta zo mana tana da maki 42, mu muna da 40, wasan ƙarshe, kuma ƙaddara ta haɗa mu da juna. Canjaras ya ishe su, mu kuwa sai nasara. Na nemi musayar aiki da wata 'yar Zimbabuwe tun mako uku kafin ranar, na biya ta da daren Asabar biyu. Da muka fito, titin cike yake da shuɗin riguna, iyaye maza ɗauke da 'yan mata a kafaɗa, har na ga wasu 'yan mata uku da hijabi sun ɗora gyalen kulob a kai. Mutum fiye da 8,000 ne a filin. Na san ba Wembley ba ce, amma don Allah Malam Edita, sau nawa ake tara haka a wasannin da kuke ɓata mana minti goma kuna sharhi a kansu?

An je hutun rabin lokaci ba ci. Ana dawowa, ko zama ban gyara ba, Izzy Goodwin ta saki wata daga nesa, sai gani muka yi raga ta motsa. Filin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ban da ɗan gungun 'yan Landan da ke can gefe suna tsalle. Ba a jima ba aka ƙara mana ta biyu. Wa ta ci? Ita dai wannan Boye-Hlorkah da aka yi wa dariyar hanci a gidan rediyonku. Wallahi a ranar ba na ƙaunar ko jin sunanta. Autata ta cusa kai a cikin mayafina tana kuka, ni kuma ina cewa ta yi haƙuri, alhali ni ma maƙogwarona ya toshe. Sai Emily van Egmond 'yar Ostireliya ta rama ɗaya. Aka farfaɗo. Saura minti kaɗan a tashi, Cho So-hyun 'yar Koriya ta Kudu ta farke ta biyu. Malam, ni da nake faɗa wa yara a daina ihu a gida, ban san lokacin da na hau kan kujera ba. Dattijuwar nan ta juyo ta rungume ni, shayi ya kife a kan takalmina. Ƙarin lokacin da aka yi, ban san yadda zan kwatanta maka shi ba, duk ƙwallon da aka ɗaga gaban ragarsu sai in ji kamar cikina aka ɗaga. Ba ta shiga ba. Aka tashi 2 da 2, su 43 mu 41, suka ɗaga kofi a kan ciyawarmu muna kallo. Muka tako gida ba mai ce wa wani uffan, har muka wuce mai sayar da samosa da muka saba tsayawa, ba wanda ya tuna.

Wannan ne abin da aka ce ba mai kallo.

Ba zan ɓoye ba, har yau da ɗan ƙulli a raina game da London City. Wata attajira 'yar Amurka, Michele Kang, ta saye ta a ƙarshen 2023, ita ce kuma mai Washington Spirit da ƙungiyar mata ta Lyon. Ta zuba kuɗi, ta kawo Kosovare Asllani ta Suwidin, ta kawo Saki Kumagai ta Japan wadda ta ci kofin duniya tun 2011, ta ɗauko koci daga PSG. Mai kuɗi abokin sarki. Amma ko ni da aka ci da kuɗin nata na san abu ɗaya: mace mai irin wannan dukiya ba ta zuba ta a inda ba kowa. Kuma ita ce ƙungiya ta farko da ta hau babbar gasar ba tare da jingina da wata ƙungiyar maza ba. Wannan kaɗai ai labari ne, amma ban ji shi a shirinku ba, ko a watan Mayu ko yanzu.

In kuma adadi yake so, tunda na lura yana son karanto adadi, ga shi. Ranar 23 ga Maris ɗin 2025, cikin azumi, Newcastle ta karɓi Sunderland a St James' Park, a wannan rukuni na biyu dai, mutum 38,502 suka shiga. Ina soya ƙosan buɗa-baki yarinyar ta shigo kicin da gudu tana nuna mini a waya. Ya je ya duba, filaye nawa ne a gasar maza ta Firimiya da ko cika suka yi maƙil ba za su ɗauki wannan adadi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a cikin shirin nan guda, minti biyar kafin dariyar, bakinsa har kunne yana yabon Super Falcons, sun taso daga ci biyu da nema sun doke Maroko 3 da 2 a Rabat a 2025, kofin Afirka na mata na goma. Da bakinsa ya yabi Ashleigh Plumptre. To daga ina ta fito? Daga sama aka jefo ta? A wannan rukunin da yake rainawa ta buga wa Leicester City, suka ci shi a kakar 2020 zuwa 2021, kafin ta fara sa rigar Najeriya a 2022. Ghana da ta zo ta uku, da Boye-Hlorkah ta zo. Washegarin wasan Rabat Ingila ta doke Sifaniya a bugun fenariti ta riƙe kofin Turai, kuma Ella Toone da ke cikinsu a wannan rukunin ta buga wa Manchester United a kakar 2018 zuwa 2019. Ana son tuwo ana raina murhu. Ita Toone da Keira Walsh da Georgia Stanway duk sun bi ta Blackburn suna yara, ga shi a watan Mayun 2025 Blackburn ɗin ta janye daga rukunin saboda masu ita ba za su ɗauki nauyin da ake buƙata ba, har Sheffield United da ta zo ta ƙarshe ta tsira da kujerarta. 'Yan mata sun wayi gari ba aiki. Masu kuɗin da suke yanke irin wannan hukunci, me kuke tsammani suke faɗa a ɗakin taronsu? Tambayar mai sharhinku ce dai, da wani harshen.

Kuma ku sani ba 'yan Kano da Maraɗi da Kumasi kaɗai ke jin ku ba. Mu da muke nan muna kunna ku ne don 'ya'yanmu su ji Hausa daga bakin wani ban da mu. Da ƙyar nake samu yarinyar nan ta zauna ta saurara, filin wasanni ne kaɗai take jurewa. Tana buga ƙwallo ranar Asabar a wata ƙungiyar unguwa, da dogon wando da hijabinta, 'yar baya ce, kuma sai da na sha surutun dangi kafin abin ya zauna. Kawunta ya bugo waya daga gida ya yi mini wa'azin rabin awa. Na shanye. Amma ranar Litinin da ta dube ni ta ce, "Umma, su ma haka suke gani?" ban sami abin ce mata ba. Na ce ta ci tuwonta.

Ba na neman a kori kowa, Allah ya kiyaye in zama sanadin abincin wani. Haƙuri ma in ya ga ya fi ƙarfin bayarwa, ya riƙe abinsa. Amma a watan Satumban 2025 za a dawo, an sauya wa gasar suna zuwa WSL2, kuma a kakar 2025 zuwa 2026 biyu ne za su haura kai tsaye, ta uku ta buga wasan cike gurbi, tunda za a faɗaɗa babbar gasar zuwa ƙungiyoyi 14. Da bara aka yi haka da yanzu muna sama, amma bari in yi shiru. Ku ba shi takarda ranar Litinin ya karanta sakamako. Wasa shida ne, ko minti ɗaya ba zai ci ba. In kuma ta Ingila ta yi muku nisa, ai Najeriya ma tana da nata rukuni na biyu na mata, ban taɓa jin kun ambace shi ba ko da kuskure.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, ga wata. Kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin murya lokacin labaran ƙarfe takwas ya yi yawa. Hajiyarmu ta zo mana ziyara wata uku, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, kullum sai ta ce in fassara mata abin da aka ce, Hausa zuwa Hausa. Ranar nan ana sanarwar rasuwa ganga na tashi a baya kamar gidan biki. Na aiko saƙo ta WhatsApp sau biyu a kan wannan, an buɗe, alamar ta yi shuɗi, ba amsa. A rage shi, ko a kashe shi gaba ɗaya in ana maganar mutuwa.

Tikitin kaka mun riga mun saya, ni da ita, layi ɗaya da na bara, bayan dattijuwar. Akwai kujera babu kowa a hannun hagunmu. In Allah ya kawo mai sharhinku Ingila, ya zo da rigar sanyi mai kauri, shayin ni zan kawo.

Wassalam,
Mai sauraronku,
Small Heath, Birmingham