Rahoton Ayyukan Shekara: Baje Kolin Bakin Tafki, da Abin da Ya Rage Mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu ba mu shawara, Shugaba, Magajiya, da sauran 'yan'uwa maza da mata na wannan ƙungiya tamu ta masu zane da masu ɗaukar hoto ta Kumasi, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar.

Bara an zaɓi mutum uku su taya ni haɗa wannan rahoto. Ɗaya ya ce aiki ya sha masa kai, ɗaya wayarsa ba ta shiga tun bayan Babbar Sallah, na ukun kuma ya turo mini hoton babban yatsa a WhatsApp. Allah ya saka masa da alheri. Don haka duk kuskuren da kuka ji a ciki nawa ne ni kaɗai.

Tarukan wata mun yi su, ban da na azumi da wanda ruwan sama ya hana. Gaisuwar mutuwa da suna da ɗaurin aure duk suna cikin littafi, mai son dubawa ya same ni. Maganar kuɗin wata zan dawo kanta daga baya, don idan na fara da ita yanzu wasu za su tuna cewa ana jiransu a waje.

Abin da ya fitar da mu kunya a bana shi ne baje kolin da muka yi a bakin Tafkin Bosomtwe. Waɗanda ba su zuwa taro ba su san asalinsa ba, to ga shi. Ɗan'uwanmu mai zanen allon talla na unguwar Asawase, wanda rabin rubuce-rubucen bayan motocin haya na tirotiro na unguwarsu aikin hannunsa ne, ya je sabunta wani allo a wani ƙauye da ke gangaren tafkin. A can ya tarar da wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, ta gyara wani tsohon ɗakin ajiyar koko (na gona nake nufi, ba na safe da ƙosai ba), ta shafe shi da farar ƙasa tana rataya hotuna. Ɗaki ɗaya ne da baranda, taga uku, benci biyu. Ta yarda ta ba mu bangon na sati biyu, da sharaɗin duk abin da aka sayar a ba ta ɗaya cikin goma. Ba ta nemi ko sisi a gaba ba, kuma da ta nema da maganar ta mutu a nan.

Kun tuna gardamar da aka sha kan abin da za a zana. Iyayenmu sun tsaya kai da fata cewa ban da zanen mai rai, matasa kuma suna gunaguni. A ƙarshe aka daidaita a kan cewa masu burushi su tsaya ga ruwa da duwatsu da gonaki da sararin sama, masu kyamara kuma idan masunci ya shigo hoto daga nesa ba laifi. Ni a lokacin ina cikin masu gunaguni, ba zan ɓoye ba. Yanzu kuwa ina ganin wannan sharaɗi ne ya ba aikin fuska ɗaya.

Wani abu da na lura da shi, mu fa mun daɗe muna zanen wuri, ba mu dai kira shi da wannan suna ba. Labulen da ake tsayar da amarya a gabansa a shagon hoto, mai hasumiyar Makka ko gidan bene ko jirgin sama a kan titi, wa yake zana shi in ba mu ba? Wuraren da ba mu taɓa takawa ba muka ƙware a kansu. Ga tafki nan kusan kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, amma da na tambaya a taro wa ya taɓa zuwa, hannayen da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Mutanen da aka haifa a Aboabo da Alabar da Akwatia Line ke nan, har sun yi furfura.

Sau uku muka je kafin ranar. Bayan sallar asuba ake shiga mota zuwa Kuntanase, daga nan a sauya wata zuwa Abono. Hanyar hawa take yi har ka kai baki, sai kawai ka ga ruwa can ƙasa zagaye da tsaunuka kamar an ajiye tasa, sannan a fara gangara da addu'a a baki. Ƙaramar 'yarmu da ke karatun zane a jami'ar KNUST ita ta yi mana bayanin dalilin wannan siffa: wani dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan 1 da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kusan kilomita 10 da rabi, ruwa ya taru a ciki. Babu kogin da yake fita daga cikinsa, ruwan sama da ƙananan rafuka ne suke ciyar da shi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Wannan bayani ta rubuta a kwali da Turanci da Twi da Hausa, sannan Malam babba ya karɓa ya ƙara na ajami da tawadarsa. Wannan kwalin ya fi wasu zanukan samun masu ɗaukar hoto.

Wahalar aikin kuwa sai wanda ya je. Masu ɗaukar hotonmu sun saba da biki da suna, inda za ka ce a matso, a gyara mayafi, a yi murmushi. Tsauni ba ya matsowa. Zuwanmu na biyu ya faɗa tsakiyar hunturu, hazo ya shanye ɗaya gaɓar gaba ɗaya, har wani ya mayar da kyamararsa jaka yana cewa an yi asarar kuɗin mota. Wanda bai mayar ba shi ya samo hoton da ya fi kowanne a bangon. Masuntan tafkin ba su shiga da kwalekwale irin wanda muka sani. Bisa al'adarsu katako guda ne, da suke kira padua, mutum ya hau shi kamar doki yana tuƙi da hannu. A hoton ba ka ganin sama ba ka ganin ƙasa, toka ce kawai daga sama har ƙasa, sai ɗan baƙin layi a tsakiya da ɗigo a kansa. Shi ke nan. Mai shagon da ya wanke mana shi a Adum sai da ya bugo waya yana tambaya ko injinsa ne ya lalata aikin.

Masu burushi su ma sun ji jiki. Hannun da ya saba da fentin mai na allon talla, ja ja ne, kore kore ne, ya zo ya tarar koren ganyen ayaba daban, na koko daban, na rogo daban, kuma dukansu suna canjawa tsakanin hantsi da azahar. Ɗan'uwanmu na Asawase sau huɗu yana shafe zane ɗaya da fari yana sakewa.

Ranar buɗewa mota biyu muka cika. Wuta ta ɗauke tun kafin mu iso, janareton da wani ya yi alkawari a gaban kowa kuma har yau bai iso ba. Ba zan faɗi suna ba, yana cikin ɗakin nan. Sai muka buɗe tagogi, muka fito da manyan zanukan muka jingina su a gindin mangwaro, suna fuskantar ainihin tsaunukan da aka zana. Mutanen ƙauye suka taru bayan sun taso daga gona, yaran makaranta a gaba. Magajiya da matanta sun zo da tukunyar wake da shinkafa da soyayyen yajin shito, babu wanda ya tafi da yunwa. Da la'asar ta yi aka shimfiɗa tabarmi a baranda, mai ɗakin da kanta ta kawo mana bokitin ruwan alwala.

Abin da ba zan manta ba shi ne wani tsohon manomi da ya tsaya gaban zanen gangaren gabas ya daɗe bai motsa ba, addarsa a hammata. Can sai ya nuna da yatsa ya ce da Twi wannan gonarsa ce, amma rimin nan ba a nan yake ba, a hagun hanya yake. Mai zanen ya ce shi ya matsar da shi da gangan don zanen ya daidaita. Tsoho ya ce ba a matsar da rimi. Ya tafi ya dawo da ƙaninsa a matsayin shaida. Aka yi ta dariya, mai zane ya ƙi gyarawa, tsoho ya ƙi janyewa, kuma a ƙarshe shi ya sayi zanen. Ya ajiye mana nonon ayaba guda a matsayin kafin alƙalami, ya ce sauran sai an auna koko. Ya cika alkawari, ta momo, wato kuɗin waya, ya turo, ba tare da na kira shi ko sau ɗaya ba. Ina so wasu su riƙe wannan maganar, za ta yi amfani nan gaba kaɗan.

A kusurwar ƙarshe muka rataya hotuna uku da 'yar'uwarmu ta ɗauko a Kogin Offin, inda masu haƙar zinariya ta galamse suka mayar da ruwan kamar kunun da ya kwana. Wasu a kwamiti sun so a cire su, wai za su ɓata wa baƙi rai. Na ji daɗi da ba a cire ba. A nan ne kaɗai surutu yake yankewa, manya su tsaya shiru hannu a baya, sannan su juya su kalli tafkinsu ta taga.

An sayar da aiki biyar. Bayan an cire rabon mai ɗaki da kuɗin mota da katakon firam da wankin hotuna, abin da ya shigo asusu bai taka kara ya karya ba, Ma'aji zai karanta muku. Masu tambayar me ya sa firam ɗin ba gilashi, amsar ita ce kuɗin gilashi kaɗai ya fi abin da yake asusu a wannan watan. Zane biyu da aka yi a kan falange sun lanƙwashe saboda danshin bakin ruwa, mun ba masu su haƙuri.

Yanzu ga abin da ba mu yi ba, tunda na san shi ake jira.

Kalandar da aka ce za a buga da hotunan tafkin ba ta fito ba. Na ji ana cewa sakatare ne ya danne takardun. Takardun suna jakata, ga su. Mai ɗab'i ya ba mu farashi, muka ce a kawo gudummawa cikin sati biyu, aka kwashe wata uku ana kawowa da ɗaiɗai. Da muka koma ya ce takarda ta hau, kuma bai yi ƙarya ba, kowa yana zuwa kasuwa. Kalandar da za ta fito bayan shekara ta yi nisa wa zai saya? Shi ya sa na tsayar, kuma kuɗin waɗanda suka bayar yana nan ba a taɓa ba.

Tafiyar Sirigu ma haka. Mun so mu je mu ga yadda matan can, kusa da Bolgatanga, suke zane bangon gida da ja da baƙi da fari, da yadda ƙungiyarsu da aka kafa a 1997 take riƙe ɗakin baje kolinta a ƙauye, ko mu koyi wani abu. Tafiya ce ta yini guda, ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar rubuta suna ta cika har baya, amma da aka ce a ajiye rabin kuɗin mota sai aka rasa masu cika kujerun gaba. Direba ba ya karɓar suna.

Ajin yara na ranar Asabar ya yi wata biyu ya tsaya, kuma a nan na yarda da laifinmu: mun sa lokacin ya yi karo da makarantar allo da Islamiyya, iyaye suka zaɓi abin da ya dace su zaɓa. Idan za a dawo da shi sai bayan la'asar, kuma sai an sami wanda zai tsaya ban da mutum biyun nan da kullum su ne.

Wanda ya fi damuna shi ne tattara tsofaffin hotunan Zango. Mai ɗaukar hoto James Barnor ya buɗe shagonsa a unguwar Jamestown ta Accra a 1953 yana ɗaukar mutane kamar yadda iyayenmu suka yi a nan, yau ana rataya aikinsa a Landan, saboda an adana. Namu suna cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado, danshi da gara suna ci. Dattijo ɗaya cikin waɗanda muka yi niyyar zuwa wurinsu ya rasu a cikin shekarar nan, Allah ya jiƙansa, kuma iyalansa sun ce an zubar da yawancin kayan wajen gyaran ɗaki. Na'urar kwafe hoto muke buƙata, ba wata babba ba, kuma an amince a saya tun bara.

Duk waɗannan igiya ɗaya ta ɗaure su, kuɗin wata. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na bi mutane har rumfunansu a kasuwar Kejetia, na kira da katina, na tura lambar momo har na haddace ta fiye da tawa. Amsar kullum ita ce na gani, zan turo. Abin da ya fi ciwo, ranar baje koli wasu da ban gani a taro ba tun farkon shekara su ne a sahun gaba da babbar riga, kuma kafin mu dawo Kumasi sun sa hotuna a Facebook suna cewa aikin ƙungiyarmu. Ƙungiyarku ce, ban hana ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ba shi da hali mun sani, kuma ba da shi nake ba. Akwai gwauruwa a cikinmu da take biya da canjin da ta tara daga sayar da koko, wannan karon na safe. Ina roƙon Shugaba a yi aiki da dokar da muka sa wa hannu da kanmu game da mai bashin wata uku, ko kuma a soke ta mu huta da karanta ta.

Mai ɗakin ta aiko cewa tana so mu dawo da damina, lokacin da tsaunukan suke kore shar, ta ga bambanci da na hunturu. Ban ba ta amsa ba, don ba zan sake ɗaukar alkawari da bakina kaɗai ba. Za a kaɗa ƙuri'a a taro mai zuwa, kuma wanda littafi ya nuna ya biya shi zai ɗaga hannu. Har yanzu akwai firam uku da tsaninmu a can, ana neman mai zuwa ya ɗauko su. Guduma da kwalin ƙusoshi kuma, wanda ya tafi da su ya dawo da su wurin Ma'aji, na aro ne.

Wassalam.
Sakatare