Masu ra'ayin riƙau daban, 'yan Libatariyan daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi tsokaci kan wata al'ada da na daɗe ina lura da ita a labaran ƙasashen waje da ake rubutawa da Hausa. Duk lokacin da aka zo maganar siyasar Amurka ko Ingila, sai a yi wa duk mai adawa da faɗaɗar gwamnati kuɗin goro, a kira shi mai ra'ayin riƙau ko ɗan mazan jiya, alhali a ƙarƙashin wannan inuwa akwai mazhabobin tunani guda biyu waɗanda sau da yawa zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gaba.

Masu ra'ayin riƙau na ainihi suna jingina tunaninsu ga Edmund Burke, ɗan majalisar Ingila wanda ya yi rubutu a 1790 yana gargaɗi kan juyin juya halin Faransa. A ganinsa, al'ada da addini da iyali da kotu abubuwa ne da al'umma ta tara cikin ɗaruruwan shekaru, kuma wanda ya rushe su a dare ɗaya domin ya gina sabuwar duniya bisa lissafin kansa, ƙarshensa soja ne zai karɓe ragama. Shekaru tara bayan haka Napoleon ya ƙwace mulki. Su kuwa 'yan Libatariyan, waɗanda suka kafa jam'iyyarsu a Amurka a 1971, daga mutum ɗaya suke fara lissafi: jikinsa nasa ne, guminsa nasa ne, bakinsa nasa ne, aikin hukuma kuma shi ne ta tsare shi daga mai ƙwace da mai zamba, sannan ta sakar masa mara. Mai ra'ayin riƙau zai yarda hukuma ta hana abin da yake ganin zai lalata tarbiyya, ɗan Libatariyan kuwa zai ce muddin mutum bai cutar da wani ba, babu ruwan ɗan sanda da shi. Tsoron kwaminisanci ne ya haɗa su aure a lokacin yaƙin cacar baka, kuma auren ne ya kai Ronald Reagan fadar shugaban ƙasa a 1981.

Inda nake ganin 'yan Libatariyan sun fi kowa karanta tarihi da kyau shi ne batun ikon da hukuma ke karɓa a lokacin tsoro. A ranar 5 ga Afrilu 1933, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, Shugaba Franklin Roosevelt ya ba da umarni cewa Amurkawa su miƙa wa bankunan gwamnati zinariyar da ke hannunsu, in ban da 'yar kaɗan da kayan ado, a kan dala 20.67 kowace oza. Da aka gama tarawa, a farkon 1934 sai gwamnati ta ɗaga farashin zuwa dala 35. Abin lura a nan shi ne dokar da aka dogara da ita tun asali dokar yaƙi ce ta 1917, wadda aka yi domin hana cinikayya da abokan gaba, aka yi mata kwaskwarima aka juyo da ita kan 'yan ƙasa. Matsalar da ta jawo umarnin ta wuce, amma ba a sake halatta wa Ba'amurke ya mallaki zinariya yadda yake so ba sai ƙarshen 1974, bayan shekaru 41.

A watan Fabrairu 1942, shugaban nan dai ya sa hannu a wani umarni da ya sa aka kwashe mutane kimanin 120,000 masu asalin Japan zuwa sansanoni, kusan kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, ba tare da an tuhumi kowa da laifi a gaban alƙali ba. Kotun ƙoli ta goyi bayan korar tasu a 1944. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara ta kuma amince za ta biya kowane mai rai daga cikinsu dala 20,000, lokacin da da yawa sun riga mu gidan gaskiya, gonaki da shagunan da suka bari kuma sun daɗe da salwanta.

Misali na uku shi ne wanda ya fito da ɓarakar da ke tsakanin mazhabobin biyu fili, kuma saboda shi ne nake cewa suna ɗaya ba zai ɗauke su ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, gwamnatin George W. Bush, wadda ta masu ra'ayin riƙau ce, ta kawo dokar da aka sani da Patriot Act, aka sa mata hannu ranar 26 ga Oktoba, kwana 45 kacal bayan harin. A majalisar dattawa mutum 98 suka amince, mutum ɗaya ya ƙi. A majalisar wakilai, cikin 'yan tsirarun 'yan Rifablikan da suka ƙi akwai Ron Paul na Texas, wanda ɗan Libatariyan ne tun fil azal, ya kuma sha suka daga 'yan jam'iyyarsa cewa ya raina barazanar ta'addanci. A 2013 takardun da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumomin leƙen asirin Amurka aiki, ya fallasa suka nuna cewa an yi amfani da wani sashe na dokar wajen tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutanen da ba a zargin su da komai. Mutanen da suke kuka da girman gwamnati idan maganar haraji ce, su ne suka buɗe mata ƙofar ɗakunan jama'a da aka ce maganar tsaro ce, kuma ni ban ga yadda za a kira wannan da sunan ƙaunar 'yanci ba.

Wannan darasi ya taɓa mu kai tsaye, domin hukumomin sayen amfanin gona da suka riƙe wuyan manomin gyada da auduga a Arewa, a yaƙin duniya na biyu Turawan mulkin mallaka suka ƙirƙiro tsarinsu a matsayin matakin gaggawa. Yaƙi ya ƙare a 1945, tsarin bai ƙare ba. Hukuma ita kaɗai ke da ikon fitar da gyada ƙasashen waje, ita ke yanke wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma ta shiga baitulmali. Masanin tattalin arziki Peter Bauer, wanda daga baya Margaret Thatcher ta ɗaukaka shi zuwa majalisar dattawan Ingila, ya yi bincike a Afirka ta Yamma ya kuma soki tsarin tun 1954, yana mai cewa haraji ne a ɓoye a kan talaka. Gaskiya ne an gina makarantu da hanyoyi da wani ɓangare na kuɗin, kuma ba na raina wannan, sai dai manomin da ya tara dalar gyada a Kano ba a taɓa neman yardarsa ba. Sai a 1986 aka rushe hukumomin.

Duk da haka, zan zama marar adalci idan na ɓoye inda wannan karatu na tarihi yake yin tuntuɓe. A 1860 akwai bayi kusan miliyan huɗu a Amurka, kuma kasuwa ba ta 'yanta su ba, ƙarfin gwamnatin tarayya ne da gyaran tsarin mulki na 1865 suka yi wannan aiki. A 1957, da gwamnan Arkansas ya tura dakaru su tare ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock domin kada ɗalibai baƙar fata tara su shiga, Shugaba Eisenhower ne ya aiko da sojojin tarayya suka raka yaran aji. A 1964 Sanata Barry Goldwater, gwarzon ɓangarorin biyu, ya ƙi jefa ƙuri'ar amincewa da dokar 'yancin jama'a, bisa hujjar cewa hukuma ba ta da hurumin tilasta wa mai shago wanda zai sayar wa kaya. Hujjar tana da tsari a takarda, amma ga baƙon da ya yi tafiyar yini guda aka hana shi masauki da abinci saboda launin fatarsa, 'yancin mai shagon shi ne sarƙar da ke ƙafarsa. Azzalumi ba lallai ne ya sa kaki ba, wani lokaci maƙwabci ne, wani lokaci al'adar da mai ra'ayin riƙau ke karewa ce. Na yi imani cewa duk wanda ya ɗauki tsoron hukuma a matsayin dukkan iliminsa na siyasa zai rasa amsar da zai ba iyayen waɗancan yara tara.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona gare ka da ma'aikatan da ke fassara labaran waje shi ne a riƙa bambancewa. A bar sunan masu ra'ayin riƙau ga waɗanda ke kare al'ada da addini da tsarin da aka gada, a kira ɗaya ɓangaren 'yan Libatariyan tare da ɗan bayani cewa su masu rajin taƙaita ikon hukuma ne a kan jiki da dukiyar mutum. Idan kuma aka kawo labarin wata dokar ta-ɓaci a kowace ƙasa, ina fata wakilinku zai gaya mana ranar da aka rubuta cewa za ta ƙare, da wanda ke da ikon sabunta ta.

Wassalam. Naka mai karatu, daga Kano.