Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu bibiyar tarihin Ayalan

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne. Shugaba ya ce in haɗa mana rahoton abun da muka yi bana, to ga shi nan, ku yi haƙuri da tsawonsa dan akwai wuraren da ba zan iya tsallakewa ba.

In baku manta ba, abun da yasa muka kafa ƙungiyar nan shine yaranmu da aka haifa a ƙasar nan suna dawowa daga makaranta da labarin su Cú Chulainn da Fionn, jaruman tatsuniyoyin Ayalan, mu iyaye sai dai mu ce "to madalla" dan bamu san ko su waye ba. Bana muka ce zaman falo ya isa haka, a fita a gani da ido, kuma Alhamdulillah an fita.

Babbar tafiyarmu itace ta Newgrange, wani tsohon kabari na mutanen da a yankin Meath, bakin kogin Boyne. Wanda bai je ba gaskiya ya yi rashi. An gina wurin nan wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ya girmi dalar Giza ta Masar, kuma mutanen da suka gina shi ko ƙarfe basu sani ba, da dutse da katako suka yi aikinsu. Daga nesa tudu ne kawai mai ciyawa a ka, an zagaye gindinsa da manyan duwatsu 97, amma da ka sunkuya ka shiga sai ka tarar da wani siririn lungu mai tsawon mita 19, matsatsi ne sosai har sai da iyayenmu mata suka sauke jakunkunansu suka riƙe a gaba suna bi a karkace. A ƙarshensa akwai ɗaki da aka jera rufinsa dutse kan dutse ba siminti ba komai, ranar ana ta ruwa a waje amma na ɗaga kai na duba, wallahi ko ɗigo babu. Sai jagoran ya ce kowa ya tsaya cik, ya kashe wuta, duhu irin wanda ko tafin hannunka baka gani, ƙaramar 'yata ta damƙe min yatsa, sannan ya kunna wata 'yar fitila da ke kwaikwayon yadda hasken rana yake shigowa ta tagar da ke saman ƙofa yana rarrafowa a ƙasa har cikin ɗakin. Na gasken yana faruwa ne da hudowar rana a kwanakin 21 ga Disamba, na minti 17 kawai, kuma Farfesa Michael O'Kelly da ya tono wurin daga 1962 zuwa 1975 shi ya fara ganin haka a zamaninmu a 1967. A tatsuniyarsu kuma wurin gidan Dagda ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu na da, da ɗansa Aengus. Da yawanmu mun saka suna a ƙuri'ar masu shiga a Disamba, ba wanda ta faɗo wa, za mu sake.

A hanyar dawowa mun biya ta tudun Tara inda manyan sarakunansu suke hawa mulki, muka ga dutsen Lia Fáil da ake cewa yana ihu in sarkin gaskiya ya taka shi. Iska da ruwa basu bar mu mun daɗe ba.

Tafiya ta biyu gidan tarihi ne na titin Kildare a Dablin, shiga kyauta ne dan haka wanda bai samu zuwa ba ya ɗauki iyalinsa ya je. Mun ga ɗan jirgin ruwan zinari na Broighter har da 'yan filafilansa, da kofin Ardagh da aka tsinta a gona a 1868. Amma abun da ya tsaya wa kowa a rai gawarwakin nan ne da aka tsinta a 2003 cikin fadamar da suke yankar ƙasarta suna ƙonawa kamar gawayi. Sun haura shekara 2000 amma wanda aka tsinta a Old Croghan har faratansa suna nan sumul, alamar ba mai aikin wahala bane, na Clonycavan kuma gashinsa na nan da abun gyaran gashi na ƙaro da aka kawo daga wajen Faransa ko Sifaniya. Dukkansu kashe su aka yi. Wasu membobi sun ƙi shiga sashen sun ce basu ga dacewar kallon gawa ba, kuma ni na fahimce su, ba a matsa wa kowa ba. Malaminmu ya tunatar da mu cewa an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba ƙarshen waɗanda suka gabace mu, amma ya ce a shiga da natsuwa ba surutu ba ɗaukar hoto da waya, haka kuwa aka yi.

A zaman wata-wata mun bi labarin Táin, na sarauniya Medb ta Connacht da suka yi gardamar dukiya da mijinta Ailill, aka ƙirga komai ya zo daidai sai bijimi ɗaya da ya fi ta, shine ta tada runduna guda zuwa Ulster dan ta ƙwato jan bijimin Cooley, yaro ɗan shekara 17 Cú Chulainn ya tare musu mashigar ruwa shi kaɗai. Yara suna ta murna da faɗan, amma da muka zo inda ake kora shanun mutane sai wani babanmu ɗan Zamfara ya ce shi wannan ba tatsuniya bace a wurinsa, garken gidansu haka ya tafi a dare ɗaya. Ɗakin yayi tsit. Ranar ne yaran suka fara tambayar iyayensu labarin gida, har aka gangara kan Bayajidda da rijiyar Kusugu, a ganina duk shekarar ba zaman da ya kai wannan amfani.

Mun kuma yi wa yara rana guda ta rubutun Ogham, tsohon rubutun Ayalan mai haruffa 20 da ake zanawa a gefen dutse ana karantawa daga ƙasa zuwa sama, kowa ya rubuta sunansa a jikin sanda ya tafi da ita gida.

Abun da bai yiwu ba shine tafiyar Rathcroghan a Roscommon, fadar ita Medb ɗin. Mun kama bas mun bada kafin alƙalami, kuɗin wata bai shigo akan lokaci ba, dole muka soke kuma kuɗin bai dawo ba. Abun ya min ciwo sosai dan yara sun saka rai. Ma'aji zai karanto lissafi dalla-dalla a taro mai zuwa, dan Allah wanda ake bi ya daure ya biya kafin nan.

Baɗi in Allah ya kai mu Rathcroghan ce farko, sai Clonmacnoise, kangon tsohon wurin ibadar Kirista a bakin kogin Shannon, in aljihu ya yarda. Muna neman mutum biyu da za su riƙa kula da yara a mota, mai sha'awa ya sanar da shugaba. Kuma wannan karon kowa ya taho da rigar ruwa da takalmin da zai iya taɓo.

Sakataren ƙungiya